Jaririna ya kai wata huɗu ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ba, lokaci ya wuce ne?

Tambayar dai a taƙaice ita ce, wata baiwar Allah ce ta haihu a gida, uwar mijinta ta ce ba inda za a je da jariri sai an yi arba'in, da aka yi arba'in kuma sai tafiya ta kama su, yanzu yaro ya shiga wata huɗu kuma ban da ɗigon shan inna da masu bi gida-gida suka ɗiga masa ba a taɓa yi masa komai ba. Tana so ta san ko lokaci ya riga ya wuce, da ainihin lokutan da ake yin kowace allura, sannan ko ita da maigidanta akwai wadda ya kamata su yi.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi ya albarkaci rayuwarsa. Amsar farko dai lokaci bai wuce ba, ko kusa. Amma dan Allah kar ki ƙara ko sati ɗaya, gobe in Allah ya kai mu ki goya shi ki tafi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ki ce kin zo rigakafi, kyauta ne a asibitin gwamnati, za su buɗe masa kati su fara masa a ranar. Na daɗe ina aikin rigakafi a ƙaramin asibiti kuma irin labarinki shi ne labarin da muka fi ji, saboda haka kar kunya ko tsoron faɗa ya hana ki zuwa, in ma wata ma'aikaciya ta ɗaga miki murya ki yi haƙuri ki karɓi abin da kika zo nema, lafiyar ɗanki ta fi wannan.

Bari in fara da yadda tsarin yake a Najeriya in da tun farko aka bi shi, daga nan sai ki ga inda naki yaron zai shiga.

Ranar da aka haifi jariri akwai abubuwa uku da ake ba shi. BCG ta tarin fuka wadda ake yi a saman damtse, ita ce mai barin lamba, sai ɗigon shan inna na farko a baki, sai allurar ciwon hanta nau'in B. Ita wannan ta ciwon hantar ita ce ta fi kowacce gaggawa, ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kuma a nan ne al'adarmu ta jira sai an yi suna ko sai an yi arba'in take cutar da mu ba tare da mun sani ba. Dalili kuwa, mata da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta a jininsu ba su sani ba, lafiyarsu ƙalau, ba rama ba zazzaɓi, to a lokacin haihuwa ne jinin uwa yake taɓa jariri ya ɗauka. Babban mutum in ya kamu yawanci jikinsa yana iya korar ta, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, kusan tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma, sai ya kai shekara talatin ko arba'in a ga ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa a ce sammu ne, alhali hanta ce ta lalace tun daga abin da ya faru ranar da aka haife shi. Allurar ranar farko ita ke tare wannan hanyar. Shi ya sa ko a gida aka haihu, ba sai mai jego ta fita ba, kaka ko gwaggo ko shi uban da kansa a naɗe jariri a zani a kai shi a dawo da shi, ba ya ɗaukar wani dogon lokaci.

Daga nan sai sati 6, wato kwana 42, kwana biyu kacal bayan arba'in, ki riƙe wannan lissafin dan ya fi sauƙin tunawa. A ranar ana yin wadda muke kira penta, allura ɗaya ce a cinya amma tana kare cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora wato tetanus, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta da ake kira Hib mai kawo sanƙarau da namoniya ga ƙananan yara. Ana haɗa ta da PCV ta namoniya a ɗaya cinyar, da ɗigon shan inna, da ɗigon rota na gudawa wanda aka shigo da shi cikin tsarin ƙasa a 2022, da kuma allurar shan inna da ake kira IPV. Sai a dawo sati 10 a maimaita penta da PCV da rota da ɗigon shan inna, a sake dawowa sati 14 a yi na uku tare da IPV ta biyu. Iyaye suna yawan tambayata me ya sa sai sau uku, ba ɗaya ta isa ba? Ba ta isa ba. Ta farko gabatar wa jiki da cutar take yi, ta biyu da ta uku su ne ke sa garkuwar ta yi ƙarfi ta daɗe, yaron da aka yi wa penta ɗaya aka tsaya yana nan kusan a buɗe. Kuma abin da ya sa ake farawa da wuri haka shi ne tarin shiƙa 'yan watannin farko ya fi kashewa, jariri ɗan wata biyu ba ma ya iya yin tarin sosai, numfashi ne kawai yake ɗaukewa ya yi shuɗi.

Wata 6 ana ba da sinadarin bitamin A, shi ba rigakafi ba ne amma yana taimakon ido da garkuwar jiki, ana ci gaba da bayarwa duk bayan wata shida har shekara biyar. Wata 9 sai ƙyanda ta farko da ta shawara da ta sanƙarau. Wata 15 sai ƙyanda ta biyu. A jihohin da aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka ƙaddamar a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, ana yin sa a wata 5 da 6 da 7 sannan na huɗu a wata 15, ki tambaya a asibitinku ko ya iso wajenku. Shi ma ba ya maye gurbin gidan sauro.

To yanzu naki yaron mai wata huɗu. Allurar hanta ta ranar haihuwa da ɗigon farko sun wuce, ba a rama su, amma kar hankalinki ya tashi tunda akwai rigakafin hanta a cikin penta. BCG har yanzu za a iya yi masa tunda bai kai shekara ɗaya ba. A zuwanki na farko za a yi masa duk abin da ake yi wa ɗan sati 6, sai a ba ki sati huɗu ki dawo, sai wani sati huɗu, kinga kafin ya cika wata bakwai ya kamo sa'o'insa, wata 9 kuma ya shiga layin ƙyanda tare da kowa. Tazarar sati huɗun nan ba a rage ta, kar ki ce bari in dawo bayan sati biyu dan a gama da wuri, jiki yana buƙatar lokacin. Amma in aka ƙara a kanta saboda wani uzuri ba a komawa farko. Wannan ina so kowace uwa ta ji shi da kyau, dan mata da yawa sun yi ta farko da ta biyu sai rashin lafiya ko biki ko damina ta hana su dawowa, sai su ce ai ta lalace su haƙura gaba ɗaya. Ba ta lalace ba, jiki bai manta ba, ko wata biyar aka yi a tsakani daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Wani abu da zai iya ba ki haushi gara in gaya miki tun yanzu. Za ki iya zuwa a yi masa penta da sauran amma a ce BCG sai ranar kaza. Ba wulaƙanci ba ne, kwalbar BCG ɗaya ta yara 20 ce kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta awa shida kawai take yi a zubar da sauran, haka ta ƙyanda ma, shi ya sa ƙananan asibitoci suke ware rana ɗaya a sati su tara yara. Ki tambayi ranar ki sa a rubuta miki a bayan kati.

Sai maganar ɗigon gida-gida, dan a nan ne ake samun babban ruɗani. 'Yan matan nan masu rataye da akwatin ƙanƙara da suke shigowa su ɗiga wa yaro a baki, su shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, su rubuta wasu lambobi da alli a jikin katanga, yawanci shan inna kawai suke bayarwa. Iyaye sai su ɗauka ai an yi wa yaro rigakafi an gama, in ka tambaya su nuna maka yatsa. Wannan ɗigon ba ya kare ƙyanda, ba ya kare mashaƙo ko namoniya, sam ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Amma kuma ki bari a riƙa yi masa duk lokacin da suka zo ko da an yi masa a asibiti, yawansa ba ya illa. An tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, sai dai akwai wani nau'in da yake yawo a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ake bi har yanzu.

Inda muka fi rasa yara kuwa shi ne wata 9 da wata 15. Daga sati 14 zuwa wata 9 akwai tazara mai tsawo, uwa ta koma harkokinta, wata ma ta samu wani cikin, yaro ya yi ɓul-ɓul yana rarrafe sai a ga kamar ba ya buƙatar komai. Alhali daidai wannan lokacin ne garkuwar da ya gada daga jikin uwarsa take ƙarewa, shi ya sa ma aka ajiye ta ƙyanda a wata 9, in an yi da wuri sosai garkuwar uwar tana hana allurar kamawa, in an jinkirta kuma an bar shi ba kariya. Ta wata 9 ɗin tana kama kusan yara 85 cikin 100, ta wata 15 ita ce ke kamo ragowar. Mutanenmu suna raina ƙyanda, wai ai kowane yaro sai ya yi ta, a kulle shi a ɗaki a hana shi wanka a jira ta fito. Wanda ya ga yaron da ƙyanda ta bar shi da makanta, ko ta gangara masa ƙirji yana numfashi haƙarƙari na lotsawa, ko ta bar shi da gudawa da tamowa wata da watanni, ba zai ƙara cewa haka ba. Lokacin zafi, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, shi ne lokacin da take ɓarkewa a arewa ita da sanƙarau. Haka mashaƙo, da yawanmu mun ɗauka ta zama tarihi sai ga ta ta dawo daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi shan wahala, kuma mafi yawan yaran da ta kama waɗanda ba a yi musu penta ba ne ko ba a kammala musu ba. Wuya ya kumbura, wata fatar toka-toka ta rufe maƙogwaro, yaro yana kallonki ba ya iya haɗiyar ruwa.

Bayan an yi allura ki sa rai da ɗan zazzaɓi da rigima da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu, musamman bayan penta, wannan alama ce jiki yana aikinsa. Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, a ba shi farasitamol na yara daidai yadda ma'aikaciyar lafiya ta auna miki, kar a gasa wurin da ruwan zafi kar a mulmula shi da man zafi. Wurin BCG kuma bayan 'yan makonni zai yi ɗan ƙurji ya fashe ya warke ya bar tabo, haka ake so, kar a matse kar a barbaɗa masa kafso. Abin da zai sa ki koma asibiti da gudu shi ne jijjiga, ko zazzaɓi mai tsanani da ya ƙi sauka, ko ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko fuska ta kumbura numfashi ya yi wuya, waɗannan ba kasafai ake ganinsu ba amma ki san su. Sannan mura ko ɗan tari ko fitar haƙori ko 'yar gudawa ba sa hana allura, ki kai shi a duba, in ciwon ya yi nauyi su za su ce a ɗaga. Yaro mai sikila ko bakwaini ko mai tamowa ma shi ya fi kowa buƙata.

Na san a bayan maganar uwar miji wani lokaci ba al'ada ce kawai ba, akwai tsoron nan na cewa allurar tana hana haihuwa. Ban raina masu wannan tsoron ba dan yana da tushe a tarihi, abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau da aka gwada maganin Trovan a kan yara ya bar tabo a zukatan mutane, ko da yake shi magani ne ba rigakafi ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai 2004 aka dawo da shi, kuma a wannan tsakanin cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama ta gurgunta yara masu yawa. Amma ki duba unguwarku kawai, 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokacin su ne yau suke zuwa mana awo da goyo a baya da wani a hannu. Shawarata kar ki yi jayayya da Hajiya, ki samu maigidan ku yi magana a natse shi ya je ya same ta, in da hali ma a tafi asibitin tare da ita ta ji daga bakin ma'aikata, sau da yawa kakar da ta hana ita ce daga baya take zama mai tuna ranar komawa.

Yanzu ku manya. Ke da farko, allurar tetanus da mashaƙo da ake yi wa masu ciki a wajen awo, Td ake rubuta ta a kati. Biyar ce gaba ɗaya ba biyu ba kamar yadda aka saba ɗauka: ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan sati huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara ɗaya, ta biyar bayan wata shekarar, in kin cika biyar ɗin ta rufe miki duk shekarun haihuwa. Ba sai kina da ciki ake ci gaba da ita ba, ranar da kika kai yaron ki tambaya a duba nawa kika yi a ɗora miki. Amfaninta ga jaririn gaba ne, musamman ga mai haihuwa a gida inda ake yanke cibiya da reza a sa mata toka ko man goge baki, ƙwayar tetanus ta shiga ta nan, kwana kaɗan jariri ya daina kama nono baki ya ƙulle jiki ya sandare a ce iska ce, kuma kaɗan ne suke tashi. Garkuwar uwa ce take ratsawa ta kare shi, a cibiya kuma man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti kaɗai ake shafawa. Shi ma maigida in ya taka ƙusa ko fartanya ta sare shi a gona ko ya faɗi a babur, a wanke ciwon a je a duba ko yana buƙatar ta tetanus.

Ta biyu ciwon hanta. Ku je ku biyun a yi muku gwajin jini, wanda ba shi da ita a yi masa allura uku, yau, bayan wata ɗaya, sannan wata shida daga ta farko. Ita wannan ta manya yawanci biya ake yi amma kuɗinta ba ya kama ƙafar kuɗin jinyar hanta. A wajenki gwajin ya ƙara muhimmanci tunda yaron bai samu ta ranar haihuwa ba, in ya nuna kina da ita ki gaya wa likita dan a gwada shi shi ma idan ya ƙara girma, kuma haihuwa ta gaba a shirya tun kafin naƙuda.

In akwai 'ya mace a gidan da ta kai shekara 9, akwai rigakafin HPV na sankarar bakin mahaifa da aka fara a Oktoba 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce kyauta, kuma ana yin ta da ƙuruciya ne dan ta fi kamawa kafin a yi aure. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a cikin sankarar da ta fi kama matan Najeriya bayan ta mama, kuma yawanci sai ta yi nisa ake zuwa asibiti.

Mai niyyar Hajji ko Umara, Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau mai nau'i huɗu da aka yi aƙalla kwana goma kafin isa, da ta shawara, da ɗigon shan inna. Ta shawara sau ɗaya ake yi a rayuwa, tun 2016 aka daina cewa sai an sabunta duk shekara goma. Dan Allah a karɓi allurar da gaske kar a sayi katin yalo, wato katin shaidar rigakafin, a bayan fage, cunkoson Mina da Arfa ba ya duba takarda. Tsofaffi da masu ciwon suga ko asma ko ciwon zuciya su tambayi likitansu game da ta mura mai tsanani da ta namoniya, an fi samun su a manyan asibitoci. Mai ciki kuma ba a yi mata ta ƙyanda, ta shawara ma sai likita ya ga dole.

Cizon kare shi ba ya cikin jadawali amma dole in faɗe shi, yaro ne ko babba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar a fara allurar haukan kare, ana yin ta kashi-kashi cikin kwanaki kuma dole a kammala. Kar a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa, in alamun cutar suka riga suka bayyana babu magani.

'Yan uwanmu na Nijar tsarinku kusan ɗaya ne da namu, haihuwa, sati 6, 10, 14, wata 9 sannan ƙyanda ta biyu a shekara ta biyu, sai ɗan bambanci kaɗan, ku bi abin da aka rubuta a katin rigakafin yaro. Ke kuma idan an ba ki katin ki sa shi a leda ki ajiye inda kike ajiye takardu masu muhimmanci, ki ɗauke shi hoto a waya, duk garin da tafiya ta sake kai ku ki shiga asibitin gwamnati na wurin da shi za su ɗora daga inda aka tsaya, ba sai kin dawo inda aka fara ba. In kuma yana da yayye a gida da ba a kammala musu ba ki tafi da su gaba ɗaya a duba abin da za a iya rama musu.